Jinyar Manomin Partago

Shekarun da na yi ina aikin dare a babban asibitin koyarwa na Paraku, ban taɓa samun sashen da zan ce nawa ne ba. Sauran ma'aikatan jinya kowa da wurinsa: wannan tana ɗakin yara, wancan yana wajen masu karaya, waccan tana matarnite, ɗakin haihuwa. Mu kaɗan ne aka ware ana ce mana bolan, wato masu tashi, duk inda aka samu giɓi can ake tura mu. Wata ta tafi hutun haihuwa, ko zazzaɓi ya kwantar da wani, ko sashe ya cika ya batse. Da magariba zan sauka daga kan zem, babur ɗin haya, a bakin ƙofa, in wuce ofishin majo, shugabar ma'aikatan jinya, in gaishe ta, ita kuma ta faɗa mini inda zan kwana. Kafin wannan lokacin ni kaina ban sani ba.

Da farko abin ya dame ni ƙwarai. Kowane sashe da halinsa, kamar gidajen mutane. A wani wurin auduga tana cikin durowa ta ƙasa, a wani kuma sai an nemo mabuɗi. Akwai gadon da idan ka tura shi sai ya karkata hagu, akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ka ɗan ɗaga ta. Masu wurin sun san duk wannan ba tare da tunani ba, ni kuwa sai in yi ta tambaya kamar sabuwar ɗaliba, alhali na girmi wasunsu a aiki. Shi ya sa na koyi yawo da kayana a aljihun riga: almakashi, filasta, ƙaramar tocila, da abin awon tansiyo, wato hawan jini, a jaka. Idan dare ya raba suka buɗe kwanon abinci, nakan ja gefe da nawa har sai wani ya ce in matso. Yawanci sukan ce. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba na ganin ƙarshen labarin kowa. Zan kwana ina fama da mutum, gari ya waye in miƙa shi, washegari ina wani ginin. Ko ya tashi ko ya cika, sai dai in na tambaya, kuma ba kullum ake tuna wanda nake nufi ba.

A unguwar Titiru muke zaune a lokacin. Maigidana yana jan babbar mota tsakanin Paraku da Malanbil, bai cika kwana a gida ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta dawo wurina bayan rasuwar babanmu, ita ke riƙe mini yara. Ni haifaffiyar Jugu ce. Kakanninmu fatake ne 'yan goro da suka sauka a can suka ƙi tashi. Hausa muke yi a cikin gida, Dendanci a titi, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Yaren Yom kuwa 'yan kalmomi na tsinta a bakin matan ƙauye da ke kawo wa kakata doya da daddawa, ba su wuce na gaisuwa da ciniki ba.

Wata damina, a daren da aka tura ni irjans, inda ake karɓar masu gaggawa, motar asibiti ta taso daga Jugu da wani mutum. Tun kafin a sauko da shi na ga yadda yake kwance. Ƙeyarsa da dugadugansa ne kawai a kan katifa, tsakiyar jikinsa ta gantsare sama. Haƙoransa a datse, leɓunansa sun ja baya kamar mai murmushi, gumi yana zuba masa. Idonsa biyu, yana ganin kowa. Ƙarar ƙofar mota ce ta tayar masa da abin, da ya lafa sai jikin ya ɗan saki, amma ba duka ba. Wanda ya taɓa ganin tetanos, ciwon sarƙe haƙora, sau ɗaya ba ya bukatar a sake faɗa masa sunansa.

Bayansa wata mace ta sauko, siririya, da ƙullin kaya a ka da ƙaramar tukunya a hannu. Likitan da ke aiki a daren saurayi ne, yana cikin shekarunsa na koyon aiki. Ya yi mata tambaya da Faransanci, ta dube shi. Wani ya gwada mata yaren Bargu, nan ma ba ta ce komai ba. Da na ji an ce daga Jugu suke, sai na matso na gaishe ta da Dendanci irin na gida. Ta juyo da sauri, ta sauke ƙullin kanta ta ajiye a ƙasa, kamar sai a lokacin ta yarda sun iso.

Matarsa ce. Daga wani ƙauye suke a bayan Partago, Yom ne yarensu, Dendancinta na kasuwa ne, amma ya ishe mu. Ta ce yana noman doya fartanya ta sare shi a ƙafa. Ya wanke, aka sa masa ganye da toka, aka ɗaure da tsumma, ya koma gona. Ciwon har ya bushe, kowa ya manta da shi. Sai wata safiya ta kawo masa abinci ya kasa buɗe baki, wuyansa ya sandare. Sun fara zuwa wajen mai maganin gida, daga nan ɗakin shan magani na Partago, daga nan Jugu, su kuma suka turo su nan. Ba ta taɓa zuwa Paraku ba. Ta bar yara wajen tsohuwar mijin, na ƙarshen bai daɗe da yaye ba.

Muka yi abin da ake yi: allurar sassauta jiki, maganin kashe dafin, ƙarin ruwa, sannan aka buɗe tsohon ciwon aka wanke shi sosai. Likita ya ce in gaya mata gaskiya kada in rage komai. Na gaya mata ciwon mai nauyi ne, ba na kwana biyu ba ne, wasu suna tashi wasu ba sa tashi. Na ce ƙara da haske da taɓawa duk suna tayar da shi, don haka za a sa shi a ɗakin duhu, ita ma sai ta koyi zaman shiru. Ta saurare ni har na gama. Abu ɗaya ta tambaya, ko yana jin magana. Na ce yana ji. Sai ta sunkuya kusa da kunnensa ba tare da ta taɓa shi ba, ta faɗa masa wani abu da yarensu ƙasa-ƙasa. Da gari ya waye na miƙa aiki na tafi gida, a raina na sa su cikin waɗanda ba zan sake gani ba.

Daga nan aka yi ta tura ni ɗakin yara, don lokacin zazzaɓin sauro ne, kowane gado da mai ƙarin jini. Ban samu sararin tuna kowa ba. Sai wata magariba majo ta ce in tafi ɗakin maza na masu ciwon ciki da ƙirji, abokiyar aikin wurin ta yi rashi. Ma'aikacin jinyar da na tarar a can dattijo ne mutumin Bargu, ya kusa ajiye aiki, ba mai yawan magana ba. Yana zagayawa da ni yana nuna mini marasa lafiya, har muka kai ƙarshen baranda. Nan ya tsaya, ya rage murya, ya ce akwai mai tetanos a ƙaramin ɗakin nan, matarsa ba ta jin kowa, da hannu suke magana da ita.

Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa na shiga. An rataya barguna a taga, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ba ka ganin tafin hannunka. Ina jin numfashinsa, da ɗigar ruwa a cikin roba. Na yi sallama da Dendanci a hankali, sai na ji motsi daga kusurwa, hannu ya kama bakin rigata.

“Lokotoro,” ta ce, “ke ce?”

Haka mutanenmu na Jugu ke kiran duk mai farar riga. Na ce ni ce.

Aiki a ɗakin nan ya bambanta da duk wanda na saba. Kwalbar allura a baranda nake fasa ta, don ƙarar fashewarta kaɗai ta isa ta tayar masa. Tocila nakan kunna ta a cikin tafin hannu, in bar ɗan jan hasken da ke fita tsakanin yatsuna, da shi nake duba robar da ke hannunsa. Ba ya iya haɗiya, sai ta siririn tiyo da aka zura masa ta hanci muke ba shi kunu tatacce da madara. Yawu yakan taru masa a baki, sai an janye. Juya shi kuwa sai bayan an yi masa allura jikin ya yi laushi, mu uku, ni da dattijon da matar, kowa ya san inda zai riƙe, ba mai cewa uffan. Duk da haka abin yakan zo. Wani ya yar da cokali a babban ɗaki, ko mota ta yi ham a waje, sai gadon ya fara kaɗawa. Ba abin da za ka yi sai ka tsare shi kada ya faɗo, ka duba numfashinsa, ka jira.

Daren da ya fi kowane tsawo shi ne wanda aka yi ruwa da tsawa. Rufin kwano ne a ƙarshen barandar nan. Da ruwan ya sauko, abin ya riƙa zuwa masa a jere, wannan bai gama sakinsa ba wani ya kama. Na haska leɓensa na ga ya yi duhu. Dattijon ya sa masa iskar numfashi, ni na ruga na kira likita, ya zo a jiƙe ya ƙara masa magani. Muka tsaya a kansa har ruwan ya koma yayyafi. Matar tana tsaye ta fuskanci bango, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, kamar ita ce ƙarar ke yi wa ciwo. Da komai ya lafa ta biyo ni baranda ta tambaye ni ko ya wuce mafi munin. Na ce ban sani ba, amma na daren nan ya wuce. Ta zauna ta jingina da bango, kafin in gama rubuta abin da aka yi masa barci ya ɗauke ta. Ban taɓa ganin ta rufe ido ba sai ranar.

Da asuba mukan haɗu a bakin famfo, ni ina alwala ita tana wanke zannuwansa. Nan ne kawai take magana da cikakkiyar murya. Ta ce mijinta ba mai surutu ba ne a gida, amma a gona daga nesa ake jin waƙarsa. Ta ce kunyar doyarsa ta fi ta kowa girma a ƙauyen, har samari kan ƙi yin gayya kusa da shi don kada a gwada. Abin da ya fi damunta, in ji ta, mutum ne mai ci, sakwarar mutum uku yake tashi da ita, yanzu ga shi ana ɗura masa kunu ta hanci kamar ɗan akuyar da uwarsa ta mutu. Ta faɗi haka ta yi dariya, sai kuma ta share ido da gefen zane.

Ita kanta ba ta ci. Na lura tukunyar da ta zo da ita ba ta cika hawa wuta ba, don ba ta son yin nisa da ɗakin, wajen girkin masu jinya kuwa yana can bayan gini. Na ba Inna labari wata rana ina shirin kwanciya. Da yamma na tarar ta ƙara kwano ɗaya a jakata, tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya. Ta ce mai jinya idan ya faɗi, mutum biyu ne suka faɗi. Tun daga ranar, ko ina aka tura ni, nakan biya ta ƙarshen barandar nan kafin in kama aiki, in ajiye kwano in ɗauki na jiya. Majo ta lura, don ba abin da ke wuce ta. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, sai dai na ga duk ranar da aka samu giɓi a sashen nan, ni take turawa.

Wani dare ina ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, dattijon ya kira ni a waya. Ya ce in na samu wanda zai riƙe mini in zo, dangin mai tetanos sun iso suna son tafiya da shi. Na roƙi abokiyar aikina ta duba mini gadajena, na tafi.

Mutum ɗaya ne ma, ba dangi da yawa ba. Wan mijin ne, dogo mai furfura, ƙafafunsa duk jar laka, don a kan babur ya taso daga ƙauye. Yana zaune a kan benci a ƙarƙashin mangwaron da ke gaban sashen, matar tana tsaye nesa kaɗan. Na gaishe shi da Dendanci, sai ya amsa mini da Hausa, irin wadda ya koya shekarun da ya yi yana aikin gona a Najeriya. Nas yake ce mini. Ban ga alamar faɗa a tare da shi ba. Ya ce ya gode da wahalar da muke yi, amma lokaci ya ja, ba a ga sauƙi ba. Ya ce tsohuwarsu ba ta gani sosai, kullum tana zaune a bakin ƙofa tana tambaya, so take ta taɓa ɗanta da hannunta. Ya ce babansu a asibiti ya mutu, nesa da gida, ba wanda ya ji maganarsa ta ƙarshe, kuma har yau abin bai bar su ba. Idan ƙaninsa tafiya zai yi, gara ya tafi a ɗakinsa. Ya riga ya yi magana da mai mota a tasha.

Na aika aka kira likita. Ya zo ya zauna a gefen bencin, yana faɗa ina juyawa. Ya ce jijjigar mota da ƙararta za su tayar da ciwon ba tsayawa, kuma a hanya ba allura ba iskar numfashi, da wuya ya kai Jugu da rai balle ƙauye. Ya ce wannan ciwon haka yake, yana daɗewa kafin ya saki mutum, kuma wanda ya kai inda ya kai yana da rabon tashi. Mutumin ya saurara yana kaɗa kai. Sannan ya bar likita ya dube ni.

“Nas, ke 'yar Jugu ce, an gaya mini. Za ki iya rantse mini zai tashi?”

Na ce, “Baba, ba zan iya ba. Wannan na Allah ne. Abin da na sani shi ne idan ya shiga mota yau, ba zai ga tsohuwa ba, ita ma ba za ta same shi da rai ba.”

A nan ne matar ta matso. Tun zuwana ba ta ce komai ba, kuma na san a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne mace ta tsaya gaban wan mijinta. Ta durƙusa, ta yi magana da yarensu, doguwa, muryarta ba ta hau ba kuma ba ta rawa. Ban tsinci komai ba sai kalmar hanya da kalmar yara. Da ta gama ba ta jira amsa ba, ta tashi ta tafi ta zauna a bakin ƙofar ɗakin mijinta ta miƙe ƙafa.

Can sai wan ya ce yana so ya ga ɗan'uwansa. Na ce sai ya tuɓe takalmi, kuma kada ya yi magana da ƙarfi, kada ya taɓa shi. Matar ta janye ƙafarta muka wuce. Na kunna tocila a tafin hannuna. Ya daɗe a tsaye yana kallon fuskar ƙaninsa. Ya kira shi da wani suna a hankali, mara lafiyan ya motsa ido wajensa, sai ƙaramin abin ya zo, bayansa ya ɗaga, gadon ya kaɗa, sannan ya sake shi. Wan ya ja da baya har ya bugi bango. Da muka fito bai ƙara tayar da maganar mota ba. Na koma wajen aikina. Da asuba na biyo na same shi har yanzu a kan bencin, ya ce mini zai koma. Ya roƙi matar ta ba shi rigar da ƙaninsa ya zo da ita, ya naɗe ta ya sa a cikin tasa, ya ce zai kai wa tsohuwa ta riƙe.

Bayan wannan abin ya fara raguwa, amma a hankali ƙwarai, har ba ka iya cewa ga ranar da ya juya. Tsakanin zuwa da zuwa ya riƙa nisa. Aka rage magani. Aka ɗage bargo ɗaya daga taga. Ranar da ya fara buɗe baki ba na nan, ina matarnite muna fama da haihuwar tagwaye. Da safe ina fita, idona kamar an zuba yashi, na ji ana kiran lokotoro daga wajen famfo. Ta taho da sauri da kumfar sabulu a hannu, ta ɗaga yatsa ɗaya ta sa a tsakanin haƙoranta, ta nuna mini iya yadda bakin ya buɗu. Ta ce ya sha ruwa da cokali, kuma ya yi magana. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce tambaya ya yi wa ke duba masa doya.

Sallamarsu ma ba a gabana aka yi ba. Na samu hutun 'yan kwanaki, ƙaramin ɗana ba shi da lafiya. Da na dawo na biya ta ƙarshen baranda na tarar da ƙofa a buɗe, taga a buɗe, an wanke ɗakin. Na tsaya a bakin ƙofar, na ɗauka ya cika. Dattijon ya hango ni daga nesa ya ɗaga hannu, ya ce in kwantar da hankalina, da ƙafarsa ya fita, yana dafe da kafaɗar wansa. Ya miƙo mini kwanon Inna an wanke shi tas, an cika shi da daddawa an rufe da ganye. Ya ce matar ta yi ta nemana, ta yi masa dogon bayani da bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya amsa mata da to.

Sai bayan shekara ta zagayo na je Jugu sunan ɗiyar ƙanena. Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana sarin man kaɗe, takan bi kasuwannin ƙauye. Da na ji ta ce gobe kasuwar Partago, na ce zan raka ta. Ban gaya mata dalili ba sai a mota, don ni kaina ban sa rai ba. Ban san ko ƙauyen nasu yana da nisa ba, ban san ko tana zuwa kasuwa ba. Gwaggo ta ce wannan ba abin wahala ba ne, mutumin da ya tashi daga irin wannan ciwo duk yankin an san shi. Haka kuwa aka yi. Mace ta biyu da ta tambaya ta nuna mana rumfar masu daddawa.

Matar tana can, ta yi ƙiba, har na so in wuce ta. Ita ma ta dube ni ba ta gane ni ba, don ba ta taɓa ganina ba farar riga ba, ga shi na sha lalle da gyale na suna. Sai da na gaishe ta. Ta miƙe, ta riƙe hannuwana biyu, sai juyawa take tana gaya wa matan da ke kusa da ita wani abu, su kuma suna taruwa suna kallona. Ta bar wa maƙwabciyarta kayanta, ta ce ba inda za mu sai gidansu. Gwaggo ta yi gunaguni a kan man da ba ta gama saye ba, amma ta hau babur.

Wan ne ya fara ganinmu, yana gyaran rumbu. Ya sauko yana cewa nas, nas, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa. Ya kama zabo, ya aika aka kira wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka saboda mu. Aka kawo tsohuwa, ta shafa fuskata da hannu tana magana, aka ce albarka take sa mini. Sannan aka kira mijin daga gona.

Ya rame a kan yadda matarsa ta siffanta mini shi, kuma tafiyarsa da ɗan tauri, kamar mai ɗauke da kaya a baya. Ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Matar ta yi ta yi masa bayani, yana dubana yana murmushi yana girgiza kai. Ta juyo ta ce mini wai ba ya tuna komai na ɗakin nan sai duhu da ƙishirwa. Ta ji kunya, ta fara ba ni haƙuri. Na ce ba komai, gara haka, ba abin da zai so tunawa a wurin. Gaskiyata na faɗa. Na zauna ina kallonsa yana cin sakwara, yana yankar loma manya-manya yana buɗe baki yadda ya ga dama, na ji wani sanyi a raina da ban taɓa samu ba a wajen aiki.

Da aka gama ci ya ce wa wansa ya tambaye ni ko bana zai iya komawa tada kunya da kansa, don bara gayyar samari aka yi masa, kuma bai ji daɗin aikinsu ba. Na ce ya koma, amma a hankali, idan ya gaji ya huta. Na ce ya je a cika masa allurar rigakafi, don wannan ciwon tashi daga gare shi ba ya hana shi dawowa, matar da yaran ma a kai su. Na ƙara da cewa ya nemi takalmin roba mai tsawo ya riƙa sawa a gona. Da aka juya masa maganar allura ya kaɗa kai ya yarda. Da aka zo ta takalmi sai ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya tada kunyar kirki da takalmi a ƙafa ba. Matar ta harare shi, ta ce mini da Dendanci in bar mata wannan, ranar kasuwa mai zuwa za ta sayo.

Gwaggo ta dubi rana ta ce mu tashi kafin la'asar, hadari yana haɗuwa ta gabas kuma hanyar ba ta da kyau idan ta jiƙe. Suka ɗaure mana doya a bayan babur har mai babur ya fara ƙorafi, aka rage biyu. Wan da matar suka raka mu har bakin rafi, daga nan suka juya.